Dashe ko Turke? Sunan da Ya Dace da Haƙorin da Ake Kafawa a Ƙashi

Da wuya a buɗe kundin digiri a sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu, a wuce babi na ɗaya ba a ci karo da alkawarin "cike giɓi" ba. Kowane ɗalibi ya hango giɓin da magabata suka bari, kuma shi ne zai cike shi. Mun yi ta juya wannan magana har mun manta cewa giɓin da Bahaushe ya fi sani a baki yake, wato gurbin da haƙori ya bari bayan ya faɗi ko an cire shi. To, a yau akwai masu cike wannan giɓin da gaske, da ƙarfe da na'ura, kuma kuɗi masu kauri suke karɓa. Aikin nasu "dashen haƙori" ake kiran sa a rediyo da allunan asibitoci da tallace-tallacen Facebook da TikTok. Ra'ayina shi ne wannan suna yana ɓoye wa majiyyaci fiye da abin da yake bayyana masa, kuma gyara shi nauyi ne da ya hau kan manazarta harshe kamar yadda ya hau kan likitoci.

Hausa ba matalauciya ba ce a fagen baki da haƙora. Tana da fiƙa da turmi da dasashi da muƙamuƙi da ganda da hanƙa. Tana da famfara ga yaron da haƙoransa na nono suke zubewa, har da camfin da ake tsorata shi da shi, cewa in ya bari ƙadangare ya ga gurbin, sabo ba zai fito ba. Tana da wawilo ga wanda haƙoransa suka ƙare. Mafi ban sha'awa, ta raba tazara iri biyu a jeren haƙora, ta ba kowace sunanta da hukuncinta. Wushirya ado ce, mawaƙa suna yabon ta, marubuta labaran soyayya ba sa gajiya da ɗora wa taurarinsu ita. Giɓi kuwa asara ne, abin tsokana ga yaro, abin rufe baki da gefen mayafi ga babba. Harshen da ya iya wannan rarrabewa bai kamata ya rasa ta cewa ba idan aka zo batun mayar da abin da aka rasa. Amma a nan ne muka kwaso ayyuka huɗu mabambanta muka zuba a kwando ɗaya.

Akwai haƙorin roba, wanda ake ɗora wa dasashi, a cire shi da dare a wanke. Akwai wanda ake jinginawa da maƙwabta: a feƙe haƙoran da ke dama da hagun giɓin, a yi musu hula, a haɗe su da sabon haƙori a tsakiya kamar gada. Akwai kuben da ake sanya wa haƙorin da saiwarsa take nan daram, irin haƙorin Makka na alhazai, wanda shi ba ma giɓi yake cikewa ba, sutura ce aka yi wa abin da yake nan. Sai na huɗu, wanda a kansa nake wannan tsokaci: a huda ƙashin muƙamuƙi, a murɗa wani ɗan ƙarfe mai zare a ciki, a jira ƙashi ya kama shi, sannan a ɗaura masa haƙorin tangaran a ka. Mutum zai ce maka an yi masa dashe, in ka bi diddigi sai ka tarar kowanne daga cikin huɗun nan yana iya nufi. Alhali bambancin da ke tsakaninsu ya shafi kuɗi, ya shafi wuƙa, ya shafi shekarun da abin zai yi a baki. Ingilishi da Faransanci, harsunan da likitocin Nijeriya da Nijar suka yi karatu da su, kowanne ya ware wa kowane aiki sunansa. Likita ya san abin da yake nufi a ransa. Wanda ke kwance a kujera ne aka bari da kalma ɗaya.

Tarihin na huɗun nan gajere ne, kuma sanin sa yana taimakawa wajen zaɓen suna. A 1952 wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, yana nazarin yadda jini ke gudana a cikin ƙashi. Sai ya sanya wata 'yar na'urar leƙe da aka ƙera da ƙarfen titaniyam a ƙashin ƙafar zomo. Da ya gama ya zo cirewa, ta ƙi fita, ƙashin ya manne da ƙarfen. A al'ada jiki yakan ɗauki baƙon abu a matsayin abokin gaba, ya kewaye shi da tantani, ya ware shi. Shi kuwa titaniyam, da zarar iska ta taɓa shi sai ya yi wata siririyar fata a samansa wadda ƙashi ke yarda ya ginu a kanta kai tsaye. A 1965, a birnin Gotenbag, Brånemark ya kafa irin waɗannan ƙarafa guda 4 a muƙamuƙin ƙasa na wani mutum mai suna Gösta Larsson, wanda ya rayu da su har rasuwarsa a 2006. Duk da haka, sai bayan wani taro da aka yi a Toranto ta ƙasar Kanada a 1982 ne likitocin haƙori na duniya suka karɓi aikin hannu biyu. Ke nan tsakanin zomo da karɓuwa an yi shekara 30.

Aikin kansa tiyata ce, ko da ƙarama ce. Kafin a taɓa komai sai an ɗauki hoton ƙashi an auna kaurinsa da zurfinsa, domin a muƙamuƙin ƙasa akwai jijiyar da ke ba leɓe da haɓa ji, wadda in aka taɓa ta mutum na iya zama da mataccen leɓe na watanni ko na har abada. A sama kuma, bisa turame, akwai kogon iska da ke haɗe da hanci, wanda ba a son a faɗa cikinsa. Ana hudar a hankali, ana kwarara ruwan gishiri mai sanyi, saboda ƙashi in zafinsa ya kai digiri 47 na tsawon minti guda yakan mutu, mataccen ƙashi kuwa ba ya kama ƙarfe. Daga nan sai jira. Tsarin da aka fi sani shi ne wata 3 zuwa 6 kafin a ɗora haƙori na dindindin, ƙasa ta fi sauri, sama ta fi nawa domin ƙashinta ya fi taushi. Idan komai ya tafi daidai, fiye da kashi 90 cikin 100 na irin waɗannan ƙarafa suna nan a wurinsu bayan shekara 10. Ba ni da ja da wannan. Aikin nagari ne, kuma yana cikin manyan abubuwan da likitancin haƙori ya samu a ƙarni na 20.

Jana da sunan ne. Bahaushe ya san dashe tun kafin ya san asibiti. Ya san dashen albasa da tumatir a fadama, da dashen shinkafa, da dashen gero inda shuka ta yi giɓi bayan ruwan farko. A duk waɗannan, abu mai rai ake tumɓukowa daga wani wuri a kai shi wani, ya yi yaushi na kwana biyu, ya kama, ya yi saiwa, daga nan ya ci gaba da rayuwarsa kamar a nan ya tsiro. Da likitoci suka zo da dashen ƙoda, wanda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara yi tun 2002, kalmar ta zauna daram, domin ƙoda mai rai aka ɗauko daga wani jiki aka kai wani. To, mai jin "dashen haƙori" me zai hana shi ɗaukar cewa abin da aka sa masa zai yi saiwa ya zama nasa, ya ji abin da haƙori ke ji, ya kare kansa kamar yadda haƙori ke yi?

A yi wa kalmar adalci, akwai inda ta yi gaskiya. Manomi ya san dashe ba ya kamawa a fako, haka ma ƙarfen nan ba ya kamawa inda ƙashi ya zaizaye. Ya san ba a girgiza dashe kafin ya kama. Ya san akwai lokacinsa. Har ma za a iya cewa ba mu kaɗai muka aro hoton gona ba, domin Larabci ma da kalmar shuka yake kiran wannan aiki, kalmar Ingilishin kuma tushenta na Latin daga shuka yake. Sai dai Bature da ke furta tasa kalmar ba ya jin ƙanshin ƙasa a cikinta, kuma yana da wata kalma daban ga gaɓa mai rai da aka ɗauko daga wani jiki. Mu kuwa dashenmu da ransa yake a kunnen mai sauraro, mutum ne da wataƙila jiya ya dawo daga lambu.

Ga inda hoton ya karye. Haƙorin halitta ba manne yake da ƙashi ba. Tsakanin saiwarsa da ƙashi akwai wasu ƙananan zaruruwa masu rai da suke riƙe da shi kamar a lilo, suna rage ƙarfin tauna, suna kuma aika wa ƙwaƙwalwa labari. Su ne suke sa baki ya tsaya cak idan ka ci karo da tsakuwa a shinkafa, tun kafin ka san abin da ya faru. Ƙarfen da aka kafa ba shi da waɗannan zaruruwa. Jinsa ya yi ƙasa da na haƙori nesa ba kusa ba, don haka mai shi yana iya danna ƙashin rago ko goruba ko busasshiyar aya da ƙarfin da zai ɓantare tangaran ɗin ko ya kwance kusar da ke riƙe da shi, bai ankara ba. Gaskiya ne ƙarfe ba ya yin kogo. Amma dasashin da ke kewaye da shi yana kumbura idan datti ya taru, kumburin ya gangara ya riƙa cin ƙashi, kuma sau da yawa ba tare da ciwo ba. Wani nazari da aka buga a 2015, wanda ya tattara sakamakon bincike da dama, ya ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 5 na masu irin wannan haƙori suna samun wannan cutar mai cin ƙashi. Mai shan taba, da mai ciwon suga da bai daidaita ba, da wanda ciwon dasashi ne ya zubar masa da haƙoran farko, sun fi kowa shiga haɗari. Wannan na ƙarshen abin lura ne ƙwarai: abin da ya ci haƙorin halitta yana nan a bakin, yana jiran na ƙarfe.

Saboda haka nake ganin kalmar da ta fi dacewa da ƙarfen nan ita ce turke. Duk wanda ya taɓa ɗaure akuya ko ragon layya ya san turke. Busasshen icce ne, ba ya tsiro, ba ya yin saiwa. Ƙarfinsa duka yana ga yadda ƙasa ta riƙe shi. In danshi da ƙazanta suka jiƙa gindinsa sai ya fara girgiɗi. In aka ɗaura masa abin da ya fi ƙarfinsa sai ya tumɓuke. Mai shi yakan zagaya lokaci zuwa lokaci ya taɓa ya ji ko yana nan. Kuma kowa ya san turke daban, abin da aka ɗaure a jikinsa daban. Wannan shi ne ainihin fasalin aikin: turke a cikin ƙashi, mahaɗi a bisansa, sannan haƙorin da ake gani, wanda ake iya sauyawa in ya lalace alhali turken yana nan. Duk gargaɗin da likita zai ɓata rabin awa yana yi, kalmar ta riga ta faɗi rabinsa. Abokan aiki masu nazarin waƙar baka za su yi murmushi, domin Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya daɗe da aro wannan kalma ya ba abin da waƙa take ɗaure a jikinsa. Wannan ma hujja ce a gare ni. Kalmar ta taɓa fita daga garke ta shiga aji, kuma ba ta ji kunya ba.

Na san za a ce dashe ya riga ya kama bakin mutane, kuma harshe ba ya karɓar umarni daga jami'a. Haka ne. Mun ga yadda "na'ura mai ƙwaƙwalwa" ta sha fama da "kwamfuta", kuma mun san wadda ta fi yawo a kasuwa. Amma ba korar dashe nake nema ba. A bar shi ya zama sunan aikin in ana so, a ce dashen turke ko kafa turke. Abin da ya rasa suna shi ne abin da aka sa ɗin. "Haƙorin turke" yana shiga sahun "haƙorin roba" da "haƙorin Makka" ba tare da ya ture kowa ba, tsarin ginin ɗaya ne, kuma tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta gane bambancin daga jin farko. Za a kuma ce turke kayan dabbobi ne, bai dace da bakin mutum ba. Mutanen da suka kira haƙoransu na tauna turame ba za su ji haushin turke ba. Wanda zai ƙi kalmar shi ne mai talla, domin ba ta da daɗin saye kamar dashe, kuma wannan bai dame ni ba.

Suna na gaskiya yana kuma buɗe ƙofar tambayar da talla ba ta son a yi: shin kowane giɓi ne yake buƙatar turke? Baligi yana da haƙora 32, amma tun 1992 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki riƙe haƙoran halitta 20 masu aiki a matsayin burin da ya wadatar, Japan kuma tun 1989 take gangamin ganin ɗan shekara 80 yana da haƙora 20 nasa na kansa. Wanda ya rasa turmi ɗaya na can ƙurya, sauran suna haɗuwa lafiya, yana iya rayuwarsa bai sa komai ba. A wani gefen kuma, barin giɓi yana da nasa farashin. Ƙashin da ya rasa saiwa yakan motse, har faɗinsa na iya raguwa da kusan rabi a shekarar farko. Maƙwabta sukan karkato, na sama ko na ƙasa da ke fuskantar gurbin yakan zazzago. Wanda ya jira shekara 10 sannan ya zo neman turke, sau da yawa sai an fara yi masa cikon ƙashi. Yaro kuwa ba a kafa masa sai muƙamuƙinsa ya gama girma, domin turke ba ya tafiya tare da ƙashi mai girma, a inda aka kafa shi yake tsayawa. Waɗannan duka hukunce-hukunce ne da majiyyaci yake da haƙƙin a yi su tare da shi, cikin harshen da yake tunani da shi.

Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan fasaha, a ganina, shi ne wanda ba a cika sa hotonsa a talla ba, wato wawilo. Haƙoran roba na sama sukan zauna domin suna da ganda da za su manne mata. Na ƙasa kuwa yawo suke yi, harshe na ture su, har tsoho ya gaji ya jefa su a aljihu, sai za a ɗauki hoto ya ɗauko. A 2002 wani taron masana a Jami'ar McGill da ke Kanada ya yi matsaya cewa turke 2 kacal a muƙamuƙin ƙasa, a maƙala musu haƙoran roba, shi ya kamata ya zama zaɓin farko ga mai irin wannan hali. A ƙasar Hausa rashin haƙoran tsofaffi ɓoyayye ne, saboda cimarmu tana rufa masa asiri. Tuwo da kunu da fura da koko ba sa neman turmi. Sai tsoho ya daina taɓa nama, ya ce ya fita ransa, iyali su ɗauka tsufa ne. Ɗan da yake da halin kai mahaifiyarsa Umra duk shekara, da wuya ya taɓa jin cewa turke biyu za su iya dawo mata da tauna, domin abin da ya ji ana tallatawa shi ne farin murmushin matasa.

Akwai kuma wani rukuni da mu masu nazarin furuci ya kamata mu fi kowa tunawa da su. Hausa ba ta dogara da haƙoran gaba sosai wajen furuci ba. Sautinmu na /f/ baleɓe ne a bakin yawancin Hausawa, leɓɓa biyu ke yin sa, saɓanin na Ingilishi da ke buƙatar haƙori ya taɓa leɓe. Zuzau irin /s/ da /z/ ne suka fi jin jiki idan iska ta sami giɓin tsiyaya. Amma alaramma ba da Hausa yake tilawa ba. Malaman tajwidi sun sanya mafitar fa'un a tsakanin cikin leɓen ƙasa da gefen haƙoran gaba na sama, mafitar haruffa uku na ث da ذ da ظ a tsakanin kan harshe da gefen waɗannan haƙora, ta ض kuma a gefen harshe da turamen sama. Limamin da haɗarin babur ya zubar wa haƙoran gaba bai yi asarar ado kaɗai ba, kayan aikinsa aka taɓa. Haka mai karanta labarai a rediyo, haka mawaƙi, haka malamin aji. Irin waɗannan haƙorin da ba ya motsi yana da wata daraja a wurinsu da ta wuce ta sauran jama'a, kuma siffar da aka yi wa bayan sabon haƙorin, inda harshe ke taɓawa, tana iya gyara harafi ko ta ɓata shi. Ga fili nan na bincike tsakanin masanin furuci da likitan haƙori.

Batun kuɗi ba ya buƙatar dogon bayani. Mafi ƙarancin albashi a Nijeriya tun 2024 naira 70,000 ne, turke guda kuwa yana cinye albashin watanni da dama. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki, mafi yawansu a ƙasashe irin namu. Ga talaka, hanyar giɓi sananniya ce: kogo ya fara, a danna masa kanumfari, a sha maganin ciwo, kunci ya kumbura, sannan a je asibiti a ce a cire kawai, domin cirewa ta fi araha. Haƙori da yawa da ake neman turkensu a yau, ciko na ɗan kuɗi kaɗan ko yashe cikin saiwa zai iya tsirar da su a shekarun baya. Asuwaki da buroshi da rage lemon kwalba sun fi duk titaniyam ɗin duniya yawan haƙoran da za su ceta a Arewa.

Masu hali kuma suna da tasu matsalar. Da yawa sukan haɗa aikin da tafiya Alƙahira ko Dubai ko Indiya ko Turkiyya, a yi cikin mako guda a dawo. Ba na cewa babu ƙwararru a can, akwai su. Kuma gaskiya ne akan ɗora haƙori a ranar da aka kafa turke idan ƙashi ya nuna ƙarfi, sai dai galibi na wucin gadi ne, ƙashi kuwa ba ya sauri don jirgi zai tashi. Babbar damuwar tana zuwa ne bayan shekara biyu ko uku, ranar da kusa ta kwance. Kamfanonin da ke ƙera turakun nan suna da yawa ƙwarai, kowanne da irin zarensa da mahaɗinsa da makullin kwance shi. Likitan Kano ko na Zinder zai leƙa bakin ya ga abin da ba shi da makullinsa, mai bakin kuma bai san sunan abin da ke cikin ƙashinsa ba. Wanda zai sayi mota sai ya tambaya ko akwai kayanta a Ƙofar Ruwa. Shi ɗin ne kuma zai bari a kafa masa ƙarfe a ka bai karɓi takardar sunan kamfani da lambar girma ba, domin an ce masa dashe ne, dashe kuwa in ya kama ya kama.

Musulmi zai so ya san hukunci, kuma asalin mas'alar ba sabo ba ne. Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a wani yaƙi na zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Da wannan malamai suka kafa hujjar halaccin mayar da gaɓar da aka rasa, har da ɗaure haƙori da zinariya. Sun kuma bambanta wannan da feƙe lafiyayyun haƙora don neman wushirya, wanda hadisin Ibn Mas'ud ya yi hani da shi. Inda sabuwar tambaya take shi ne cikon ƙashi. Garin da ake cikawa da shi yana iya zama daga jikin majiyyacin kansa, ko daga ƙashin wani mutum da aka sarrafa, ko na saniya, ko haɗin ɗakin gwaji. Tantanin da ake rufe cikon da shi kuwa, da yawa daga cikin waɗanda suka fi yaɗuwa daga jikin alade ake samo su. Fatawa ba aikina ba ce, ta malamai ce. Amma mutum ba zai kai wa malami tambayar da ba a gaya masa akwai ta ba, kuma takardar amincewar da aka miƙo masa da Ingilishi ya dangwala hannu ba ta gaya masa ba.

Wannan takarda ita ce wurin da zan so a fara. Jami'ar Bayero da Jami'ar Maiduguri kowace tana da tsangayar likitancin haƙori, kowace kuma ana nazarin Hausa a cikinta. A 1990 an fitar da Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi ƙarƙashin editancin Ɗalhatu Muhammad domin mu iya koyar da nahawu da adabi da Hausa, kuma da kalmominsa muke aiki har yau. Abin da ake buƙata a nan bai kai wannan girma ba. Shafi biyu ne, a boko da ajami, da kuma murya da za a iya tura wa mutum ta waya ya saurara a gida tare da iyalinsa. A ciki a raba ayyukan nan huɗu da sunayensu, a faɗi watannin jira, a faɗi jijiyar leɓe da kogon hanci, a tambayi mutum ko yana shan taba, ko yana da suga, ko yana shan maganin tsinka jini ko na ƙarfafa ƙashi, ko an taɓa gasa masa muƙamuƙi saboda ciwon daji. A faɗi asalin garin ciko da tantaninsa. A bar gurbin da likita zai rubuta sunan kamfani da girman turken, majiyyaci ya tafi da kwafinsa.

Kafin a buga, a gwada kalmomin a kan bencin jira na asibiti, a wurin mutanen da za su yi amfani da su. A karanta wa dattijo daga Bichi da 'yar kasuwa daga Maraɗi, a ce su maimaita abin da suka fahimta da bakinsu. In turke ya faɗi wannan jarrabawa, a nemi wadda ta fi shi, kafi ne ko wata daban. In kuwa ya ci, saura mu daidaita kan jam'insa, domin wasu kare-karen harshen suna cewa turaka, wanda zai yi karo da turakar maigida. Ni dai turaku na zaɓa a wannan rubutu.